Ƙara wa Furosesar Tsohuwar Kwamfuta Gudu: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake canzawa a cikinta?

Gudun furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, lissafi ne na ninkawa. Intel i5-2500K ta 2011 tana da tushen 100 MHz da lambar ninki 33, shi ya ba da 3.3 GHz. In aka ɗaga lambar zuwa 42, ta koma 4.2 GHz.

Kowace kwamfuta tana yarda?

A'a. Yawancin na hannu da ake sarowa daga Beirut Road a Kano, irin Dell OptiPlex da HP na ofis, an kulle musu BIOS, wato shafin saitin kwamfuta inda ake canza wannan lambar. A ɓangaren Intel sai furosesa mai harafin K a ƙarshe, da madabod (babban allon da furosesa ke zaune a kai) irin P67, Z68 ko Z77. H61 ba ta yi. Laftof kuwa a ƙyale ta kawai, fankarta ba za ta iya ba.

Yaya ake yi?

Tun kafin a taɓa BIOS, a buɗe akwatin a hure ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, a goge busasshen man ɗauke zafi (thermal paste) da ke kan furosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ƙaramar fankar da ta zo da ita ba ta isa ba, a sa babba.

Sai a kunna, a danna Del ko F2 a shiga BIOS. A ƙara lambar ninki da ɗaya tak, a adana, a gwada da manhajar wahalar da furosesa Prime95 na rabin awa ana duban zafi a manhajar HWMonitor. In ta jure, a ƙara ɗaya. In allo ya yi shuɗi ko ta daskare, yawanci wuta ce ta yi mata kaɗan: a koma baya, ko a ƙara wa furosesa wuta da 0.01V a BIOS, amma kada a wuce 1.35V. Zafi kada ya haura digiri 85. Kuma da tsakar rana za a yi gwajin, domin shagon kwano a Ringim ko Haɗeja cikin Afrilu, waje ma ya haura digiri 40, saitin da ya zauna lafiya da asuba zai iya faɗuwa da azahar.

In ta ƙi tashi fa?

A zare wuta, a cire batirin CR2032 na madabod minti biyar, a mayar. BIOS zai koma saitinsa na asali.

Mai sola ko janareta?

Za ta ƙara cin wuta, batir zai riƙa saurin sauka. In wutar janareta tana hawa da sauka, a sa UPS, na'urar batir mai riƙe wa kwamfuta wuta, tukuna.

Mai shagon buga takardu zai ga bambanci?

Da wuya. Jinkirin buɗe Word da CorelDRAW yawanci daga tsohon faifan ajiya (hard disk) yake. Ya sa SSD, ma'ajiya mai sauri, ya kai RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi) 8GB, wannan ya fi masa amfani nesa ba kusa ba.