Tarkon fitar da ƙudan zuma daga gini da kogon bishiya

Tarkon fitar da zuma dabara ce da masu kiwon ƙudan zuma ke bi su raba taron zuma da wurin da ya yi gida, kamar cikin bango, ƙarƙashin rufi ko kogon bishiya, ba tare da an fasa ginin ko an sare bishiyar ba. Ana barin ƙudajen su fita da kansu, a hana su komawa, a tanadar musu amya a kusa. Akan bi wannan hanya ne idan fasa wurin zai jawo ɓarna mai yawa, kamar bangon dutse ko tsohuwar bishiyar da ake so ta rayu.

Zuma na neman wuri mai duhu, busasshe, mai ƙaramar ƙofa. Binciken da Thomas Seeley da Roger Morse na Jami'ar Cornell da ke Amurka suka wallafa a 1976 ya nuna cewa kogon da take zaɓa yakan kai kimanin lita 45. Ratar da ke tsakanin silin da rufi, ko cikin bango mai rami, ta cika wannan sharaɗi, shi ya sa take shiga gidajen mutane.

Aikin yana farawa da kallo. Mai tarko zai tsaya da rana ya gano duk inda ƙudajen ke shiga da fita, ya toshe kowace kafa ya bar guda ɗaya. A nan mafi yawan tarko ke lalacewa, domin tsagar da ba ta kai kaurin fensir ba ta ishe su sabuwar hanya. A kan kafar da ta rage sai a kafa mazurari na ragar waya mai ƙananan idanu, kimanin milimita 3, faffaɗan gindinsa manne da bango, bakinsa na duban waje ya ɗan ɗaga sama. Faɗin bakin ya kai kusan santimita 1, don namijin zuma ya fi ma'aikaciya, wato macen zuma mai aiki, kauri, kuma in ya maƙale ya rufe hanya ke nan.

Da hantsi za a ga ƙudaje masu neman abinci suna fita ta bakin mazurarin ɗaya bayan ɗaya. In sun dawo, da garin fure dunƙule a ƙafafunsu na baya, sai su yi cincirindo a gindin ragar, inda ƙamshin gidansu ke fitowa, suna zagaye suna neman ƙofa. Bakin da suka fito ta cikinsa ba ya zuwa musu a rai. Kafin faɗuwar rana sai su haƙura su shiga amyar da aka ajiye dab da gindin mazurarin. A cikinta akan sa saƙa ɗaya mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi da aka ɗauko daga wata amya. Ƙamshin 'ya'yan ne ke riƙe su, kuma daga cikinsu za su reni sabuwar sarauniya, wadda ke fitowa kwana 16 bayan an saka ƙwanta. Don haka ya fi kyau a yi tarko lokacin da furanni suka buɗe kuma akwai mazan da za su barbare ta.

Aikin na mai haƙuri ne. Ma'aikaciya na ɗaukar kwana 21 daga ƙwai zuwa fitowa, namiji kwana 24, kuma sabuwar ma'aikaciya takan yi mako biyu zuwa uku tana aikin cikin gida kafin ta fara fita kiwo. Shi ya sa tarko kan ci mako huɗu zuwa takwas, ana dubawa a kai a kai. Ana cikin haka abinci da ruwa sun daina shiga, tsohuwar sarauniya ta rage saka ƙwai, taron na ta raguwa.

Babban raunin dabarar shi ne sarauniyar nan. Da wuya ta biyo mazurari ta shiga amya. Ko ta mutu a ciki, ko ta gudu da 'yan ƙudajen da suka rage mata. Ma'aikata sun tsira, amma irin ya salwanta, kuma asara ce ta gaske idan taron ya shekara da shekaru yana rayuwa ba tare da an ba shi magani ba. Cleo Hogan, wani mai kiwon zuma a jihar Kentucky, ya yi suna da wata hanya ta rage wannan asara: a haɗa akwatin amya da ƙofar kai tsaye, ya zama kamar wani ɗaki na gidan, a sa saƙa mai 'ya'ya a ciki don ta jawo sarauniyar ta fito.

Idan an yi kwanaki ba ƙuda ɗaya da ya fito, sai a cire mazurarin a bar sabon taron ya shiga ya kwashe zumar da ta rage. Wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba. Ƙudajen ne ke fifita gidan da fikafikansu su riƙe zafinsa a wajen digiri 35 na ma'aunin Celsius. In babu su, kaki ya yi laushi a lokacin zafi, zuma ta tsiyayo ta ɓata bango, tururuwa da ɓeraye da asun kaki su samu wurin zama. Fesa maganin ƙwari ya fi wannan muni, domin yana barin gawarwaki da ruɓaɓɓun tsutsotsi da zuma mai guba a cikin gini.

Kafin a kafa tarko a gida, a duba cikin ɗakuna a toshe gefen fitila da tsagar silin, don zumar da ta rasa hanya haske take bi. Mai aiki ya sa rigar kariya da ragar fuska, wanda harbin zuma ke tayar masa da kumburi ko sarƙewar numfashi kuma ya nisanci wurin. Bayan an gama, a cike ramin a liƙe ƙofar da kyau, saboda ƙamshin tsohuwar saƙa na iya jawo wani taron ko bayan shekaru.