Bambancin sinadaran ƙasa tsakanin tudu da kwari a ƙasar Manga

Ƙasar Manga, wadda ta taso daga Gure da Gudumariya da Maine-Soroa a Nijar ta gangaro arewacin jihar Yobe, fili ne na tuddan rairayi da ƙananan kwaruruka birjik a tsakaninsu. Kwarurukan nan ba su da mafitar ruwa. Abin da ya gangara ciki sai dai ƙasa ta shanye ko rana ta ƙafar da shi, shi ya sa ƙasar ke sauya hali a 'yar gajeriyar tafiya.

Kan tudu jigawa ce. Ruwan damina na ratsa ta da sauri, ya wanke mata sinadaran kalsiyam da magneziyam, ya bar ta da ɗan tsami da ƙarancin fosfaras, sinadarin da shuka ke buƙata.

Gindin tudu shi ne wurin albarka. Ruwan ƙasa yana kusa, bai riga ya yi gishiri ba, ruɓaɓɓen ganye kuma ya baƙanta ƙasar. Nan goruba da dabino suke kewaye kwarin, a bayansu lambunan rogo da rake. Idan aka haƙa rami za a ga ƙasa mai ruwan toka da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa. Tsatsar ce kuwa: ƙarfen cikin ƙasa yana narkewa idan ruwa ya kwanta ya toshe iska, ya sake kamawa idan ruwan ya ja baya.

Tsakiyar kwari ta fi ban mamaki. Da rani ruwa yana hawowa ta ƙananan kafofin ƙasa yadda kananzir ke bin lagwani, ya ƙafe a sama, ya bar abin da ya ɗauko. Kalsiyam ne ke fara daskarewa, sai a bar sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, yana taruwa shekara da shekaru har ya zama farin ɓawon kanwa mai ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. Ma'aunin pH, wanda ke raguwa da tsami ya ƙaru da kanwa, a nan yakan kai 10, alhali na tsarkakakken ruwa 7 ne. Sodiyam ɗin yana wargaza laka ta toshe, iri ya kasa tsira.

Wurin da ya gagari manomi shi ne gonar mai kanwa. Mutanen Manga sun daɗe suna kankare kanwar, suna kuma tace ƙasar wasu kwaruruka su dafa ruwan su fitar da gishiri. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya sa ruwan ƙasa ya yi nisa a kwaruruka da dama, rairayi kuma ya binne gefen wasunsu.