Ciwon ƙirji da kuɗin kafin alƙalami: abin da sashe na 20 ya tanada

A Agege da Idi-Araba da Mile 12 ana yawan cewa babu asibitin da zai taɓa maras lafiya a Legas sai an ajiye kuɗi. Shi ya sa mutum zai kwana da nauyi a ƙirji yana shan maganin olsa, yana jiran gari ya waye 'yan'uwa su yi karo-karo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu, ta hana wannan sharaɗi. Sashe na 20 ya ce kada asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, na gwamnati ne ko mai zaman kansa.

Inda ake samun ruɗani shi ne kalmar gaggawa, domin mai ciwon zuciya yakan shigo da ƙafarsa, babu jini babu karaya. Amma ciwon da ke danne ƙirji, ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, tare da zufa da ƙarancin numfashi, likitoci suna ɗaukarsa alamar toshewar jijiyar zuciya har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ƙa'idar aikinsu ita ce a yi gwajin zanen bugun zuciya cikin minti 10 da isowa, a kuma auna turoponin a jini, wato sinadarin da ke fitowa daga tsokar zuciya idan ta ji rauni, a maimaita bayan 'yan sa'o'i, tun da sakamakon farko yana iya fitowa lafiya alhali tsokar zuciya tana lalacewa. Masu ciwon sukari da tsofaffi kuwa, wani lokaci kasala da amai kawai za a gani.

Masu cewa dokar ta mayar da magani kyauta su ma sun yi kuskure. Asibiti zai nemi kuɗinsa daga baya, abin da aka hana shi ne jinkirta ceton rai saboda su.

Hukuncin wanda ya saɓa shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. A ganina wannan tara ta zama abin dariya a darajar naira ta yau, ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a sashen kulawa ta musamman na babban asibitin kuɗi ba. Ƙaramin asibitin unguwa da ba shi da na'urar gwajin kuma, abin da ya kamace shi shi ne ya ba da taimakon farko, ya tura maras lafiya gaba. Motar ɗaukar marasa lafiya ta jihar Legas ana kiranta a 767 ko 112.