Na'urar jinkirta sauti a kiɗan jita

Na'urar jinkirta sauti, wadda makaɗa suka fi kira dilei, na'ura ce da ke karɓar sautin jita ta riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ta sake fito da shi sau ɗaya ko sau da yawa a bayan na asali. A yau galibi ƙaramin akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, makaɗi yana taka shi da ƙafa don kunnawa ko kashewa. Kusan kowace irinta tana da maɓallan murɗawa uku: na tsawon jinkiri, wanda ake aunawa da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), na yawan maimaici, da na ƙarfin maimaicin. Yawancin salon da ake kaɗawa da ita a yau sun samo asali ne daga abin da na'urorin kowane zamani suke iya yi da wanda ba sa iyawa.

Tarihi

Da tef aka fara. A na'urar naɗar sauti ta tef akwai ƙananan sassa biyu da tef ke gogawa, waɗanda ake kira kai: kan da ke naɗa da kan da ke karantawa, kuma ɗan ratar da ke tsakaninsu ita ke haifar da jinkirin. Makaɗin jita Les Paul na cikin waɗanda suka fara gwada wannan dabara a Amurka, wajen ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950. Sam Phillips na situdiyon Sun da ke Memphis ya haɗa na'urorin tef biyu na kamfanin Ampex ya samar da gajeren maimaici guda, wanda ake ji a faifan farko na Elvis Presley. A daidai wannan lokaci Ray Butts ya ƙera amfilifayar EchoSonic mai tef a cikinta, makaɗan jita Chet Atkins da Scotty Moore suka yi amfani da ita, abin da ya ba da damar fitar da sautin daga situdiyo zuwa dandali.

Daga nan na'urori masu zaman kansu suka biyo baya. Charlie Watkins ya fitar da Copicat a Landan a 1958. Mike Battle ya tsara Echoplex wajen 1959, aka sayar da ita ƙarƙashin sunan Maestro a farkon shekarun 1960. Fifikonta shi ne ana iya matsar da kan tef ɗin, tsawon jinkiri ya ƙaru ko ya ragu. A Italiya, kamfanin Binson ya bar tef ya koma ga faifan ƙarfe mai juyawa a na'urarsa Echorec, wadda Syd Barrett da David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd suka dogara da ita. Roland na Japan ya fitar da Space Echo RE-201 a 1974, ta kuma samu karɓuwa sosai wurin masu haɗa kiɗan dub a Jamaika. Tef yana tsufa, injin yana rawa, kowane maimaici yana dusashewa fiye da na gabansa. A da aibi ake ɗaukar wannan, yanzu kuwa masu ƙera na'urori kwaikwayonsa suke yi da gangan.

Abin da ya sauko da na'urar zuwa ƙarƙashin ƙafa shi ne wani ɗan guntun lantarki da injiniyoyin Philips, Sangster da Teer, suka ƙirƙiro a 1969. Sauti yana bin jerin kafasitoci, wato ƙananan ma'ajiyoyin lantarki, a cikinsa kamar yadda masu kashe gobara ke miƙa wa juna bokitin ruwa. Da shi kamfanin Electro-Harmonix ya yi Memory Man wajen 1976, kamfanin Boss ya yi DM-2 a 1981, wadda jinkirinta bai wuce milisakan 300 ba. Na'urorin dijital sun riga sun shiga situdiyo tun farkon shekarun 1970, amma sai da Boss DD-2 ta fito, a 1983 ko farkon 1984, aka samu ƙarama ta takawa, mai jinkirin da ya kai milisakan 800 da maimaici tsaf.

Hanyoyin amfani

Mafi daɗewa shi ne gajeren maimaici guda, kimanin milisakan 80 zuwa 140, wanda ke dawowa nan take kamar an mari bango. Shi ne tambarin kiɗan rokabili da na kantiri. Idan aka rage jinkirin ƙasa da kimanin milisakan 40, kunne ba ya rarrabe sautin biyu, sai dai ya ji jitar ta yi kauri.

Salo na biyu shi ne ɗaura jinkirin a kan bugun waƙa, kuma a nan lissafi ke shigowa. Ana raba 60,000, wato yawan milisakan da ke cikin minti ɗaya, da yawan bugu a minti a samu tsawon bugu ɗaya: waƙar da ke tafiya a bugu 120 tana ba da milisakan 500. Makaɗa da yawa sukan zaɓi kashi uku cikin huɗu na wannan, wato milisakan 375. Makaɗin yana kaɗa sautuka biyu a kowane bugu, maimaicin yana faɗowa a tsakaninsu, mai sauraro ya ji kamar hannu ya ninka sauri. The Edge na ƙungiyar U2 ya fi kowa shahara da wannan, musamman a "Where the Streets Have No Name" ta 1987, ko da yake Gilmour ya riga shi da irin wannan tsari a "Run Like Hell" ta 1979. Salon ba ya yafe kuskure: in hannu ya kauce wa bugu, na'urar za ta maimaita kaucewar. Saboda haka na'urorin yanzu suke da maɓallin da makaɗi ke bugawa da ƙafa ya saita jinkirin daidai da mai ganga.

Dogon jinkiri yana ba mutum ɗaya damar amsa wa kansa. Brian May na Queen yakan aika jitarsa ta na'urorin Echoplex biyu zuwa amfilifayoyi daban, ya kaɗa jimla, ta dawo, ya ɗora wata a kanta har muryoyi uku su haɗu, kamar yadda ake ji idan yana kaɗa "Brighton Rock" ta 1974 a dandali. Robert Fripp da Brian Eno sun ja tef ɗaya tsakanin na'urorin tef biyu na Revox, jinkirin ya kai daƙiƙoƙi, sautuka suna taruwa bisa juna. Faifansu na farko da wannan tsari ya fito a 1973, kuma Terry Riley ya yi irinsa tun a shekarun 1960. Na'urorin naɗa-da-maimaitawa na yau jikokin wannan dabara ne.

Wasu kan rufe ƙarar jita, su taɓa tsirkiya, sannan su buɗe a hankali, dogon maimaici ya miƙe sautin har ya rasa alamar bugunsa. Idan aka murɗa maɓallin maimaici har ƙarshe, na'urar takan ci gaba da ciyar da kanta ta yi ta kururuwa, masu kiɗan gwaji kuma suna wasa da wannan.

Wurin sakawa

Galibi ana sa ta bayan na'urorin da ke kausasa sauti, domin in ta riga su, maimaicin yakan cakuɗe. Masu samun kaushi daga amfilifaya kanta sukan jona ta ta ƙofar da aka tanada a bayan amfilifayar.

Analog da dijital

Makaɗa sun rabu a kan wannan. Masu son analog, wato irin su Memory Man da DM-2, da masu son tef suna cewa dusasshen maimaici yana zama a bayan sautin asali ba ya gogayya da shi; masu son dijital suna duba tsawon jinkiri da daidaiton lokaci. Tun fitowar Line 6 DL4 wajen 1999, na'urorin dijital da yawa suna ɗauke da kwaikwayon Echoplex, Space Echo da Memory Man a akwati ɗaya.