Amsa Laifi a Gaban 'Yan Sanda: Abin da Doka Ta Tanada da Dalilin da Ke Sa Marar Laifi Ya Amsa

Idan aka ce wanda ake zargi ya amsa laifi da bakinsa, a wurin yawancin mutane magana ta ƙare, domin hankali ba ya ɗaukar cewa mutum da lafiyarsa zai ɗora wa kansa kisan kai ko fashi da makami alhali bai aikata ba. Dokar Najeriya ba ta ɗauki lamarin da wannan sauƙin ba. Sashe na 28 na Dokar Shaida ta 2011 ya bayyana iƙirari a matsayin duk wata magana da wanda ake tuhuma ya yi, a kowane lokaci, wadda ta nuna ko ta ba da alamar cewa shi ya aikata laifin. Sashe na 29 kuma ya gindaya sharaɗi: idan aka shaida wa kotu cewa an samo iƙirarin ta hanyar gallazawa, ko kuwa an faɗi wani abu ko an yi wani abu da zai iya sa maganar ta zama ba abin dogaro ba, to kotu ba za ta karɓe shi ba sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar, ba tare da wata tantama ba, cewa ba ta wannan hanyar aka same shi ba. Sashen ya ƙara da cewa wannan hukunci yana nan ko da abin da aka faɗa a cikin iƙirarin gaskiya ne.

Gallazawa a wannan sashe ta haɗa da azabtarwa, wulaƙanci, duka ko barazanar duka. Wannan ɓangare kowa ya fahimce shi, jiki magayi ne, kuma wanda aka rataye a sanda zai faɗi duk abin da ake so ya faɗa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata hakan, ta kuma lissafa hana barci ta hanyar tsawaita tambayoyi da yi wa iyalin mutum barazana a cikin nau'o'in azaba. Ɓangaren da ya fi wuyar ganewa shi ne na biyu, wato iƙirarin da aka samu ba tare da an ɗaga wa mutum hannu ba, kuma a nan ne shari'ar da aka yi a birnin New York na Amurka take da darasi.

A daren 19 ga Afrilu 1989 aka yi wa wata mata fyaɗe da mummunan duka a filin shaƙatawa na Central Park. 'Yan sanda suka kama yara biyar masu shekara 14 zuwa 16, aka shafe sa'o'i masu yawa ana yi musu tambayoyi, daga ƙarshe huɗu daga cikinsu suka bayyana a bidiyo suna ba da labarin yadda abin ya faru. Kyamarar ba ta ɗauki dogon zaman da aka yi kafin nan ba, ta ɗauki ƙarshensa kaɗai. Wanda ya saurari maganganun da kyau zai lura da wani abu: babu wanda ya ce shi ya yi fyaɗen a cikinsu, kowanne yana nuna ɗan'uwansa, yana ba kansa ƙaramin rabo a laifin, kuma labaran nasu sun saɓa wa juna. Daga baya sun bayyana cewa sun ɗauka idan suka faɗi haka za a sallame su su koma gida. Gwajin ƙwayoyin halitta bai dace da ko ɗayansu ba, amma duk da haka aka same su da laifi a 1990. Sai a 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya ce shi kaɗai ya aikata, gwajin ya tabbatar da maganarsa, kotu ta soke hukuncin. Korey Wise, wanda shi ne babbansu, ya riga ya shafe kimanin shekara 13 a kurkuku. A 2014 hukumomin birnin suka amince su biya diyyar dala miliyan 41.

Abin da ya faru da waɗannan yara yana bin wata hanya da masana suka daɗe da ganowa. Mai bincike yana shiga ɗakin da yaƙinin cewa wanda ke gabansa shi ne mai laifi, saboda haka duk musun da aka yi masa taurin kai yake ɗaukarsa. Za a gaya wa mutum cewa akwai shaida a kansa, ko abokinsa ya riga ya tona shi. A Amurka Kotun Ƙoli ta bar ƙofar irin wannan ƙarya a buɗe tun 1969, a shari'ar Frazier da Cupp. Idan an toshe masa kowace mafita, sai a buɗe masa guda ɗaya da murya mai laushi: ai mun san ba kai ne jagora ba, tsautsayi ne, ka faɗi naka kawai a wuce wurin. Mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba, ga yunwa, ga tsoro, tunaninsa yana taƙaita ne ga yadda zai fita daga ɗakin nan a yau. Shari'ar da za a yi bayan wata shida tana yi masa nisa ƙwarai.

Masana halayyar ɗan'adam Saul Kassin da Lawrence Wrightsman sun kasa iƙirarin ƙarya gida uku a 1985: wanda ya kawo kansa don ya rufa wa wani asiri ko don larurar ƙwaƙwalwa, wanda ya san bai yi ba amma ya amsa don a ƙyale shi, da wanda aka rikita har ya fara shakkar kansa. Na ukun ne ya fi ban mamaki. A wani gwaji da Kassin da Katherine Kiechel suka wallafa a 1996, an zargi ɗalibai da danna wani maɓalli da aka hana su taɓawa, aka ce shi ya lalata kwamfuta, alhali babu wanda ya taɓa shi. Kashi 69 cikin ɗari suka sa hannu a takardar amsa laifi, kashi 28 kuma suka nuna alamar sun gaskata cewa su suka yi. Danna maɓalli ba kisan kai ba ne, amma gwajin ya nuna yadda zargin ƙarya yake girgiza yardar mutum da abin da yake tunawa.

Akwai kuma wani tarko da ya fi kama marar laifi fiye da gawurtaccen ɓarawo. Hausawa suna cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, kuma da wannan zuciyar mutumin kirki yake shiga caji ofis. Yana ganin neman lauya zai sa a ɗauka yana ɓoye wani abu, yana kuma ganin ko ya sa hannu yau, bincike zai wanke shi gobe. Sau da yawa kuwa da zarar an samu sa hannun, binciken ne yake tsayawa.

A arewacin Najeriya akwai ƙarin matsalar harshe. A kawo manomi daga ƙauye, bayan ya kwana uku a bayan kanta, a zaunar da shi gaban ɗan sanda mai bincike. Shi yana magana da Hausa, ana rubutawa da Turanci, a ƙarshe a miƙo masa tawada a ce ya dangwala yatsa a ƙasan shafin da bai iya karanta ko kalma ɗaya a cikinsa ba. Tsakanin “na je wurin” da “ina cikinsu” akwai tazarar da za ta iya kai mutum ga igiyar rataya. Sashe na 17 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ya tanadi cewa wanda ba ya jin Turanci a samo masa tafinta da zai rubuta bayanin, ya karanta masa har ya fahimta, sannan tafintan ya sa hannu ya bayyana kansa.

Wannan sashe dai shi ne ya ce a ɗauki bayanin wanda ake zargi a gaban lauyan da ya zaɓa, idan ba shi da lauya kuma a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko wakilin ƙungiyar farar hula, ko wani mutum da shi ya zaɓa. Sashe na 15(4) ya yi maganar rubuta iƙirari da ɗaukarsa a bidiyo. An daɗe ana ja-in-ja a kotuna kan ko wannan wajibi ne ko zaɓi, saboda kalmar da dokar ta yi amfani da ita tana ɗaukar ma'anar “ana iya”, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a 2024 a shari'ar Gwamnatin Tarayya da Nnajiofor, inda ta ce wajibi ne a kan jami'an bincike. Dokar ta 2015 ta shafi kotunan tarayya da na Abuja. Jihohi suna da nasu, kamar ta Kaduna ta 2017 da ta Kano ta 2019, kuma lafazinsu ba lallai ya zama ɗaya ba, don haka lauya yakan duba ta jihar da ake shari'ar. A ganina bidiyon da ya ɗauki mintuna goma na ƙarshe kaɗai zai maimaita kuskuren New York ne. Amfaninsa yana ga a kunna shi tun daga tambayar farko.

Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 35(2), ya ba duk wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Sai dai sashe na 35(7) ya cire wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan wa'adi, abin da ke nufin wanda tuhumarsa ta fi nauyi shi ne zai iya daɗewa a hannun masu bincike.

A gaban alƙali, doka ta bambanta abu biyu da mutane suke cakuɗawa. Idan wanda ake tuhuma ya ce tilasta masa aka yi, lauyansa zai yi suka a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar, a yawancin kotuna sai a dakatar da babbar shari'a a yi wata ƙarama a cikinta don gano yadda aka samu bayanin. Wanda ya bari aka karɓi takardar ba tare da suka ba, da wuya a saurare shi daga baya. Idan kuwa cewa ya yi bai taɓa yin maganar ba, ko sa hannun ba nasa ba ne, kotu za ta karɓi takardar, ta auna nauyinta a ƙarshe. Wajen aunawa alƙalai suna bin tambayoyin da suka samo asali daga shari'ar Sykes ta Ingila a 1913: shin akwai wani abu a wajen iƙirarin da ya gaskata shi, shin mutumin ya samu damar aikata laifin, shin labarin mai yiwuwa ne, kuma ya dace da sauran hujjojin da aka tabbatar? Kotu tana iya kama mutum da laifi bisa iƙirarinsa kaɗai idan ta gamsu da shi, amma a ƙarƙashin sashe na 29(4) na Dokar Shaida iƙirarin mutum ɗaya ba ya zama shaida a kan abokan tuhumarsa, sai idan sun amince da shi ta baki ko ta aiki.