Ba tafiyar babur kaɗai ta mayar da Che Guevara ɗan juyin juya hali ba

An daɗe ana cewa Ernesto Guevara, wanda aka fi sani da Che, ya hau babur a 1952, ya ga talaucin Kudancin Amurka, ya dawo gida ɗan tawaye. Labarin na da daɗin ji, amma an datse shi.

Gaskiya ne tafiyar ta girgiza shi. Yana ɗalibin likitanci ɗan shekara 23 ya bar Ajantina tare da abokinsa Alberto Granado, babur ɗin ma ya mutu tun a Chile. A hanyar ma'adinar tagulla ta Chuquicamata ya tarar da wani ma'aikaci da matarsa suna makyarkyata cikin sanyin hamada, ba su da ko bargo. A sansanin kutare na San Pablo a Peru kuwa, kogi ne ya raba kutare da masu jinyarsu, shi kuma ya riƙa gaisawa da kutaren hannu da hannu.

To, me ya yi bayan nan? Makaranta ya koma, ya kammala karatunsa a 1953. Tausayi ya kama shi, amma bai san inda zai kai shi ba tukuna. A ganina, abin da ya kammala aikin shi ne karatu, da zama da mutane irin su Dakta Hugo Pesce, likitan kuturta mai ra'ayin gurguzu a Lima, babban birnin Peru, sannan Guatemala. Yana can a 1954 aka hamɓarar da gwamnatin shugaban ƙasar, Jacobo Arbenz, da hannun hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, bayan gwamnatin ta raba wa manoma filaye har da na kamfanin United Fruit na Amurka. Sai a 1955 ya haɗu da Fidel Castro, jagoran 'yan tawayen Cuba, a Meziko.