Waiwaye: Yadda editocin kod suka riƙa koyon sababbin yarukan kwamfuta

Ɗalibin da ya shiga ajin koyon rubuta manhaja a Jos a yau, ko a cibiyar fasaha ta nHub ne ko a Jami'ar Jos, abin da malami zai fara sa shi yi shi ne ya sauke VS Code, wato edita ko manhajar da ake rubuta kod a cikinta, ya nemi yaren Python a rumbun ƙarin kayan edita, ya danna. Idan intanet ba ta yi gardama ba, nan da nan kalmomi za su yi launi, jan layi ya bayyana a ƙarƙashin kuskure, edita ya riƙa ƙarasa masa suna tun bai gama bugawa ba. Sauƙin ya sa wasu na zaton haka abin yake tun fil'azal, alhali sai da aka shafe kimanin shekara 40 ana fama.

A 1976 aka samu editoci biyu da har yau ake musu a kansu: Emacs a jami'ar MIT, da vi wanda Bill Joy ya rubuta a Berkeley, duka a Amurka. Su dai rubutu kawai suka sani, ba ruwansu da ko wasiƙa ce ko kod. Da Richard Stallman ya fitar da GNU Emacs a 1985, duk mai son edita ya san yarensa sai ya zauna ya rubuta masa ƙa'idojin yaren da Emacs Lisp, yaren da ake tsara editan da shi: ina ake shigar da layi ciki, ina baka ke buɗewa da rufewa. Masu vi kuwa ctags suka dogara da shi, ɗan shirin da ke jera sunayen ayyuka da inda kowanne yake a fayil. Vim na Bram Moolenaar, magajin vi wanda ya fito a 1991, bai fara yi wa kalmomi launi ba sai 1998.

Kamfanoni suka bi wata hanya. Tun daga Turbo Pascal na Borland a 1983, sai aka haɗa edita da kompaila, wato shirin da ke juya kod zuwa abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, a gida ɗaya. Eclipse na IBM da IntelliJ IDEA na JetBrains, waɗanda duka suka fito a 2001, sun san Java ciki da bai, har mutum kan canza sunan abu guda a fayil ɗari da dannawa ɗaya. Amma sanin na yare ɗaya ne. Da aka so Eclipse ya fahimci C++, dole wata ƙungiya ta sake rubuta mai warware jimlolin C++ da Java tun daga tushe, aikin da bai amfani mai Emacs ko mai Vim da komai ba.

A 2004 wani ɗan ƙasar Denmark, Allan Odgaard, ya fitar da TextMate don kwamfutocin Mac. Editan ya yi tashe ya kwanta, amma tsarin nahawunsa ya rayu: fayil guda cike da rejeks, wato ƙa'idojin da ke cewa duk kalmar da ta yi kama da kaza a ba ta launi kaza. Sublime Text na 2008 ya karɓi tsarin, Atom na GitHub ya karɓa a 2014, VS Code ma a 2015. A nan ne ƙara yare ya yi araha, domin mutum ɗaya na iya rubuta irin wannan fayil a ƙarshen mako. Sai dai rejeks layi-layi yake dubawa, kuma siffa kawai yake gani. Bai san cewa sunan "jimla" da ke layi na 10 ita ce "jimla" ta layi na 400 ba, balle ya gaya maka ka kira aikin da babu shi.

Mu masu Hausa muna da namu ƙorafin a nan. Python 3 ya yarda ka sa wa abu suna "kuɗi" ko "ƙidaya", shiri ya gudana lafiya. Amma duk nahawun da marubucinsa ya ce harafi shi ne daga a zuwa z kawai, zai yanke kalmar a kan ɗ, rabi ya yi launi rabi ya tsaya fari. Ba don ƙeta aka yi ba. Wanda ya rubuta bai taɓa ganin harafi mai ƙugiya ba ne.

Babbar matsalar ta lissafi ce. A ce akwai editoci 10 da yaruka 20. Idan kowane edita sai an koya masa kowane yare daban, aiki 200 ke nan, kuma kowanne sai an riƙa gyara shi duk lokacin da yaren ya sauya. Wanda ya riski zamanin da kowace waya take da nata bakin caja, ya sha yawo a shagunan Taminus da ke Jos yana neman wadda za ta shiga tasa, ya san irin wannan ɓarnar.

A watan Yunin 2016 Microsoft, tare da Red Hat da Codenvy, suka sanar da yarjejeniyar da ake kira LSP (Language Server Protocol), wato ƙa'idar da edita zai bi wajen neman bayanin yare. Ta fito ne daga ƙungiyar VS Code da Erich Gamma ke jagoranta a Zurich, mutumin da dama ya yi aiki a kan Java na Eclipse, don haka ya san inda ciwon yake. Dabarar ita ce a cire sanin yare daga cikin edita a mayar da shi wani shiri daban, wato sabar yare. Edita na aika mata saƙo da JSON, wani tsarin rubuta bayanai: ga fayil, ga layi, ga gurbi, mene ne wannan, ina aka ƙirƙire shi, me zai iya biyo baya? Saba ta amsa. Ba ruwan edita da yaren da aka rubuta sabar da shi. Aiki 200 ya koma 30: editoci 10 su koyi yarjejeniyar, yaruka 20 su samu saba.

A ganina abin da ya fi lissafin muhimmanci shi ne nauyin ya sauya kafaɗa. A da masu edita ne ke bin yaruka da gudu. Yanzu masu yare ne ke fitar da sabarsu: Go na da gopls, C++ na da clangd, Rust kuma ya ɗauki rust-analyzer a hukumance a 2022. Su ne suka san yarensu, kuma sau da yawa sabar na amfani da sassan kompailar kanta. Sabon yaren da ya fito ba tare da saba ba, da wuya matasa su waiwaye shi.

Ɓangaren launi ma an sake masa tushe. Max Brunsfeld ya gina Tree-sitter, wanda ya shiga Atom a 2018. Maimakon rejeks, yana gina cikakken tsarin jimlolin fayil, in ka canza harafi ɗaya ya gyara reshen da abin ya shafa kawai, kuma ba ya rikicewa don ka bar layi rabi. An rufe Atom a Disambar 2022, amma Neovim, wani reshen Vim, ya riga ya ɗauki Tree-sitter da LSP a 2021, Emacs 29 ya biyo baya a 2023, masu Atom ɗin kuma suka tafi suka gina editan Zed a kan Tree-sitter.

Ba a ce komai ya daidaita ba. Yarjejeniyar a buɗe take, amma ba kowace saba ba: Pylance, wadda akasarin masu Python a VS Code ke amfani da ita, lasisinta ya taƙaita ta ga kayan Microsoft, sai masu sauran editoci su koma Pyright. Sannan saba na cin ƙwaƙwalwa. Laftof ɗin hannu na biyu mai RAM gigabait 4, irin wanda ɗalibai da dama ke iya saye, kan yi nishi idan aka buɗe babban aiki na Rust ko Java, shi ya sa wasu ke komawa Neovim ko Helix don rage nauyin editan kansa.

Haruffanmu ma ba su gama tsira ba. Asalin LSP na ƙirga gurbin harafi da ma'aunin UTF-16, wani tsarin ajiye haruffa a kwamfuta, inda ƙ ke cin gurbi ɗaya, alhali a ɗaya tsarin, UTF-8, bait biyu take ci, wato gurbi biyu. Sabar da ta yi sakaci ta ƙirga bait za ta ja jan layinta gaba da inda kuskuren yake a duk layin da ke da ɓ, ɗ ko ƙ. Sai a sigar 3.17 ta 2022 aka ba edita da saba damar su daidaita a kan ma'aunin da za su bi. Wanda ke tunanin ƙirƙiro yaren koyarwa mai kalmomin Hausa, kamar yadda aka yi Yorlang da Yarabanci, nahawun launi ba zai ɗauke shi lokaci ba. Sabar ce za ta ci watanni, kuma gwajin farko da ya kamata ya yi mata shi ne layi mai "ƙ" biyu kafin kuskure.